Nafila a Gefen Gwamna

Da Malam Tanimu tela ya san wanda zai tsaya kusa da shi a sahu ranar Juma'ar nan, da wani masallacin ya tafi.

Tun da aka gyara tsarin mulki, gwamna ba ya da ikon naɗa alƙali daga gidan duk wanda ya taɓa yin musabaha da shi. Ƙaramar kyamarar da ke saman kowace ƙofa tana gani, kuma ba ta mantuwa. Ga shi sunan 'yarsa Lubabatu na cikin ukun da aka tura wa gwamna don naɗin alƙali, bayan shekara tara tana jira.

Liman na sallamewa, sai ga hannun gwamna ta damansa. Malam Tanimu ya zabura ya kabbarta nafila. Ya sallame, hannun na nan. Ya sake kabbartawa.

"Wannan bawan Allah ne," gwamna ya ce wa mai tsaronsa. "Zan jira in sami albarkarsa."

Maƙwabcinsa Ɗanlami ya matso ya raɗa masa, "Tanimu, kai da ko asuba sai an buga maka ƙofa?"

A raka'a ta goma sha huɗu jiri ya ɗebe shi. Gwamna ya tare shi ta hammata kafin ya kai ƙasa.

Da yamma Lubabatu ta karanta dokar sau uku. "Baba, hannu da hannu aka rubuta."

"To hammatar fa, 'yar nan?"

Hukumar alƙalai ta zauna sau biyu a kan hammatar Malam Tanimu. Har yau ba a san abin da za ta yanke ba.