Ja a Kan Baƙi

"Wa ya taɓa shafin telan nan?" Oga ya daka tsawa daga ofishinsa.

Dogo ne mai tsara shafukan intanet a kamfanin Oga. Shi ya sauya wa shafin fuska ɗazu. In zai gwada launi, yakan rubuta abin da ke ransa, sannan ya goge. Yau ya saki shafin a intanet bai goge ba.

Ya shiga ofishin. Ga rubutunsa a kwamfuta: Ina son ƙanwar Oga, tsoro ya hana ni faɗa.

"Oga, wallahi..."

"Rufe min baki! Sau nawa zan ce maka ja ba ya karantuwa a kan baƙi? Ƙanwar tawa ta yi ta ƙanƙance ido, sai da na karanta mata. Gyara launin, ka turo magabatanka."