Ɗalibar da Malam Ba Ya Kiran Sunanta

Hinde na shigowa aji hira ta mutu. Haka ake yi mata kullum a makarantar 'yan matan nan ta Tambuwal. Ta wuce kujerarta ta baya, inda babu mai zama kusa da ita.

Daga Fakku ta zo, tana ajin ƙarshe, burinta ta shiga kwalejin jinya ta zama nas ta yara. Ta taɓa rungume jariri a kan babur ana gudu da shi asibiti, ya cika a hannunta kafin a kai titi. Ba ta gaya wa kowa ba, don babu wanda ya tambaya.

Malam Suhaibu mai bayoloji kuwa yana kiran sunan kowa ban da nata. Ko ta ɗaga hannu, sai ya sunkuyar da kai.

Ranar sakamakon jarrabawar gwaji ya miƙa wa kowa takarda, ya riƙe tata. 'Yan aji suka fice suna waige. Ta ce a ranta shi ke nan, ta sha ƙasa.

Sai da ajin ya yi wayam ya tako har baya, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Inna," ya ce, "ke ta kiz zo ta ɗaya."

Hinde ta kau da kai, ta danne murmushi da mayafi. Ɗanta ne na fari, ba a kallon idonsa.

"Tashi," ta ce. "Ɗiyan mutane na leƙen ka ta taga."