Ranar da Aka Ga Fuskar Oga

Tun da aka kafa dokar ɓoye shugabanni, ma'aikatan masaƙar ba su taɓa ganin manajansu ba. Umarni ne kawai ke fitowa daga lasifika cikin muryar na'ura. Suna kiransa Oga, suna ƙaunarsa, don a zamaninsa ba a kori kowa ba.

Ranar da wa'adinsa ya cika, Barira ta sauko daga ofishin sama ta tsaya gabansu.

"Ni ce," ta ce. "In kun amince, zan ci gaba."

Malam Ɗanjuma, dattijon da jiya-jiya ya gama sa wa Oga albarka, ya gyara hula.

"Dama na lura, umarnin nan akwai tsiwa a ciki."

"Baba, maganar ai ba ta canza ba."

"Haka ne, 'yata. Amma yanzu mun san mai yinta."

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Ta dubi ɓangaren mata, suka sunkuyar da kai.

Da yamma mai kamfanin ya kira ta.

"Hajiya, aikinki ba shi da na biyu. Ki koma sama, za mu ce musu mun kawo namiji."

Sai ta tambaye shi sunan da za a sa wa mutumin.