Babur ɗin Mai Awon Hanya

Ka ce aikin ya gagare ka, Malam. Bari in ba ka misalin wani mutum da na sani a yawona, ko a Funtuwa ne ko a Gusau, garin ya kwanta mini. Tsohon mai awon hanya ne, yana da babur irin na da, wanda aka ƙera don gudu da doguwar tafiya: tanki kamar tulu, gilashin tare iska a gaba, akwati biyu a gefe, da kujerar da mutum zai wuni a kai bai ji ciwon baya ba. Ba shi da sarƙa. Wani sandan ƙarfe mai haƙora ne a rufe yake juya ƙafar baya, shi ya sa yashi bai taɓa tsayar da shi ba. Bayan shekara ashirin haƙoran suka cinye, masu ƙera shi kuma sun daina yin irinsa, babur ya kwanta a zaure har kaji suna ƙwai a akwatinsa. Ana nan yanar ido ta kama tsohon, likita ya ce daga kaka ba shi ba tuƙi. Shi kuwa burinsa ɗaya, ya hau babur ɗin nan ya bi hanyar da ya auna da hannunsa, ya je ƙauyensu ya ga yayarsa tun idonsa na gani.

Makanikai suka ce a kai wa 'yan gwangwan su auna. Ɗaya ne, wani mara yawan magana, ya ce, "Baba, ai mutum ne ya yi shi." Ya samo guntun ƙarfen babbar mota, ya zauna da magagari yana fitar da haƙori ɗaya bayan ɗaya. Sandan farko da ya yi ya karye tun a ƙofar gareji, na biyu bai kai tasha ba. Tafin hannunsa ya yi kanta, maƙwabta na wucewa suna cewa, "Injiniya, yau ma fiƙar haƙori ake?" Shi dai ya ci gaba da goga magagarinsa. Na biyar ne ko na shida, na manta, ya zauna daram, lokacin gero ya fara nuna. Tsohon ya tashi da hantsi, kafin la'asar yana tsakar gidan yayarsa, yana kallon fuskarta har da zanen goshinta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.