Jinin da Bai Gane Ɗansa Ba

Jaririn ya faɗo fari fat, ko kuka bai yi ba.

Mai jegon tana kwance tana kallon bayan likita. Ta san dalili. Shekara biyu da suka wuce ta yi ɓari, ta wanke zanenta ta ja bakinta, ba ta je allurar da ake yi wa masu irin jininta cikin kwana uku ba. Tun daga nan sojojin jikinta suka ɗauki jinin mijinta abokin gaba. Wata tara tana shafa ciki tana rera waƙa, ashe su suna can suna cin jinin yaron, don irin na ubansa ya ɗauko.

"Likita, yana numfashi?"

"Yana yi, amma jininsa ya ƙare. Sai an ƙara masa yanzu."

Mijinta ya naɗe hannun riga daga bakin ƙofa. "Ga ni, ku kwashe duka!"

"Naka irin nasa ne, Malam. Sojojinta na jikinsa har yanzu, cinye shi za su yi."

Nas ta dawo daga ma'ajiyar jini tana girgiza kai, babu irin wanda ake nema. Likita ta juyo, ta zuba wa mai jegon ido.

"Ni?" in ji ta. "Ni fa na yi masa wannan."

"Za mu tace shi. Naki ba za su taɓa ba, sun san shi."

Ta miƙa hannu. Jinin da take ta tsine wa ya fara hawa robar ɗiban jini, ita kuwa tana roƙonsa ya yi sauri.