Ruwan Alwalar Hansatu

Tun da aka kafa dokar ruwa, famfon ƙofar gida ke duba tafin hannun mutum ya zuba masa bokiti ɗaya a yini. Wanda ya nemi ƙari don wankin majinyaci, motar hukuma za ta zo ta kai majinyacin gidan tsofaffi, kuma ba a dawowa.

Shi ya sa Hansatu ba ta taɓa nema ba. Shekara biyu ke nan fitsari na kufce wa mijinta, Malam Ɗayyabu, tsohon ladanin unguwa. Da nata rabon take wanke wandonsa da zanin gado, ta shanya a ɗaka, ita kuma ta yi taimama a bayan ƙyaure.

Ran Laraba da azahar ta taɓa shimfiɗarsa, ta ji ta a bushe.

"Alhamdu lillahi, Malam, sauƙi ya samu!"

Leɓunansa duk sun tsattsage. Ya lalubo buta daga ƙarƙashin gado, cike da ruwan shan da take ba shi tun jiya.

"Ina jin ki kina buga ƙasa a bayan ƙyaure," ya ce. "Ungo, ki yi alwala."