Jan Gishirin Marigayi

Ranar da ta kama shi, yana tsugune ne a rumfar tumaki, jan gishirin lasa yana cikin buhunsa, ya ɗora wani fari a gurbinsa. Ta fita ɗinki kamar kullum, sai ta tuna ta manta almakashi ta juyo. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sai dai wannan ɓarawon ƙanin mijinta ne, Auta, wanda ta yi wa wanki da ɗinki tun bai fara aske gemu ba.

Gishirin nan ba na wasa ba ne a wurinta. Wata biyar da suka wuce 'yan raguna suka kama tari, wata maƙwabciya ta ce mata ƙarancin sinadari ne ya raunana musu garkuwar jiki, a nemo musu gishirin lasa. Da ta ji haka, ita ce ta tasa mijinta a gaba da mita, har ya ture abincin rana ya hau babur yana dariya, yana cewa tumakin nan sun fi shi gata. A hanyar dawowa babbar mota ta ture shi. Shi bai iso gida da rai ba, amma kwalin ya iso, ƙulli goma sha biyu jajaye, ko ɗaya bai fashe ba. Takardar jikinsa ce kawai kwalta ta kankare, sai hoton ƙaho guda ya rage.

Tumaki tara ya bar mata, har da 'Yar Lele, tunkiyar da ya raina da kwalbar madara bayan uwarta ta mutu. Kullum ta ga sun kewaye jan gishirin suna lasa, sai ta ji kamar daga hannunsa suke ci. Ko da biyu suka mutu bayan wata biyu, ba ta yi mamaki ba. Ta ce kewar mai su ce, ai ita ma da ƙyar take tsaye.

Daga nan ne Auta ya fara zarya. Shanu yake kiwo a bayan gari, amma ba ya kwana uku bai leƙo ba. Ya duba bakin wannan, ya buɗe idon waccan, ya tsokane ta cewa matar Yaya ta fi tumakin ramewa. Mutuwa ta tsaya, garken ya murmure. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: duk lokacin da ta ajiye ja, bayan kwana biyu sai ta tarar da fari. Da ta tambaye shi ya ce rana ce take koɗar da shi. Ta yarda, domin ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Yanzu ga ranar da take koɗar da gishiri tsugune a gabanta da buhu.

"Shanunka kake kai wa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Su nake kai wa."

"Abin da yayanka ya mutu a kansa, Auta. Shi ka ga ya dace ka sace, ka bar wa marayun tumakinsa wannan farar ƙasar?"

Ta faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa kare, maƙwabta suna ji ta kan katanga. Bai rama ko ɗaya ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne ta bar farin a wurin. Ta ɗauka ta wurga masa, ta ce kada ƙafarsa ta sake taka gidan. Kafin yamma ta sa wa rumfar kwaɗo.

Sau biyu yana aiko matarsa da farin gishiri, sau biyu tana mayar da ita daga bakin ƙofa. Ta fito da sauran jajayen, ta ajiye bibbiyu a komi don tumakin su rama abin da aka cuce su.

Mako bakwai lafiya lau. A na takwas rago ya daina ci, idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar jini. Kwana biyu ya yi, ya mutu. Wata ta bi shi, wata ta bi ta. Ta haƙa ramuka har tafin hannunta ya yi kanta, tana kuka tana cewa Auta ya riga ya lalata musu jiki. Da 'Yar Lele ta kwanta ta ƙi tashi, sai ta ajiye girman kai ta kira likitan dabbobi.

Ya iso ya same ta zaune a ƙasa, kan tunkiyar a cinyarta, numfashin yana fita sama-sama. Ya ɗaga fatar idon, ya girgiza kai. Da ya juya ya ga abin da ke cikin komi, sai ya tsaya cak.

"Har yanzu wannan yana nan? Baiwar Allah, gishirin shanu ne. Sinadarin jan ƙarfe ya yi yawa a cikinsa, saniya tana ɗauka, tunkiya kuwa a hanta yake taruwa har ya kashe ta."

Ta ce ba ta sani ba, babu wanda ya taɓa faɗa mata.

Likitan ya dubi kwaɗon da ke jikin ƙofar rumfar, sannan ya yi magana a hankali.

"Tun mutuwar biyun farko ƙanin mijinki ya kawo mini shi na duba. A wurina yake karɓar farin, na tumaki. Ya ce gara ki ɗauke shi ɓarawo da ki san cewa abin da kika aiki yayansa ya sayo ranar nan, shi ne yake kashe su."